Wa ya koya maka horarwa, kuma nawa ne naka a cikin abin da kake koyarwa?

Kocin Gudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu horarwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cin raina na ce bari dai in kawo ta nan. Jiya ina gyara jadawalin atisayen yarana na wannan zangon sai na ci karo da tsohon littafin da nake rubuta atisaye tun ina ɗan wasa, wanda ubangidana ke ba mu, na buɗe na ajiye shi kusa da nawa na yanzu wallahi kusan abu ɗaya ne. Litinin mita 400 sau goma, Laraba hawan tudu, Juma'a mita 200, Asabar dogon gudu. Shekara 11 ina horarwa, na yi kwas har biyu, na karanta abin da na karanta, amma ashe abin da aka yi min nake juye wa yara ban ma sani ba. Abin ya dame ni sosai. To ku fa? Tsarin da kuke bi naku ne ko gadon wanda ya rene ku ne? Kuma ta yaya mutum zai gane abin da ya kamata ya riƙe da wanda ya kamata ya ajiye?

Baba Mai Agogo:
Wa alaikumussalam ɗana. Kar wannan ya dame ka, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Babu kocin da ya faɗo daga sama. Ɗauki Bill Bowerman na jami'ar Oregon a Amurka, wanda suka kafa Nike da ɗalibinsa Phil Knight, shi ma a hannun Bill Hayward ya taso, kuma da girmansa a 1962 ya tashi ya tafi Niuzilan wajen kocin gudu Arthur Lydiard ya ga yadda ake yi ya dawo da shi gida. Shi kuma Lydiard ba a aji ya samo nasa ba, a jikinsa ya gwada, ya yi ta ƙara tsawon gudu yana ragewa har ya tsaya a wajen mil 100 a sati, kusan kilomita 160 kenan. Mutane suka ce ta ina ɗan mita 800 zai amfana da gudun famfalaƙi, sai ga Olamfik na Rum a 1960 Peter Snell ya ci zinare a 800, Murray Halberg ya ci a 5000 a rana ɗaya, Barry Magee ya ɗauki tagulla a famfalaƙi, duk yaransa. Daga baya a 1967 ya je Finlan ya koyar da kociyoyinsu, ka ga kuma zinaren da ɗan gudunsu Lasse Viren ya ci a Olamfik na 1972 da 1976. Haka abin yake tafiya hannu zuwa hannu.

Kocin Gudu:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Na yarda da wannan, amma su ai sun san dalilin abin da suka ɗauko. Ni matsalata ko ka tsare ni ka ce me ya sa goma ba takwas ba, ba ni da amsa sai dai in ce haka aka yi mana.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Koci ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni nawa ma ya fi naka muni don ni ba mutum na kwaikwaya ba, intanet na kwaikwaya. Shekarun baya na ga bidiyon tsallen akwati, wanda za ka hau akwati ka diro ƙasa ka sake zabura sama nan take, aka ce sirrin 'yan Sobiyet ne, na Yuri Verkhoshansky. Ban tsaya tambaya ba na sa aka haɗa min akwati mai tsawon santimita 75 na jera yara 'yan shekara 15 da 16 sau uku a sati. Sati na uku wata yarinya ta zo tana taka ƙafa a hankali, na ce mene ne ta nuna min ƙwaurinta, na ɗan danna da yatsa a gefen ƙashin ta janye ƙafar hawaye na zubo mata. Wata biyu ba ta yi gudu ba. Sai daga baya da na zauna na karanta da kyau na ga shi mutumin da kansa ya ce wannan na gogaggun 'yan wasa ne da suka riga suka gina ƙarfi shekara da shekaru, kuma ba a yin sa duk shekara, na ɗan lokaci ne. Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan raina ɓaci yake yi. Da ina da ubangida a kusa da zai ce min kai dakata, da hakan ba ta faru ba.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Ƙanena Allah ya saka da ka faɗi gaskiya, ba kowa ke iya faɗa ba. Irin waɗannan yaran su ne suke zuwa hannunmu. Tsoka tana saurin ƙarfi amma jijiya da ƙashi a hankali suke bin baya, shi ya sa yaro zai ji yana iyawa alhali agararsa ba ta shirya ba. Amma bari in faɗi ɗaya gefen don ubangida ma yana iya zama matsala. Akwai kocin da nake aiki da shi, mutumin kirki ne wallahi, shekara uku ina roƙonsa ya saka atisayen bayan cinya, wanda ɗan wasa zai durƙusa wani ya riƙe masa ƙafafu ya dinga sunkuyawa gaba a hankali, wanda ake kira Nordic. Bincike da yawa da aka haɗa ya nuna yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Amsarsa kullum ita ce malamina bai taɓa sa mu wannan ba kuma ba mu mutu ba. To waɗanda suka ji rauni suka bar wasa a zamaninku fa, wa ya ƙirga su?

Ɗan Tsere 400:
Anti wannan tambayar taki ta ƙarshe ita ce. Ni ba koci ba ne har yanzu, ina gudu ne, amma na ratsa hannun mutum biyu kuma kamar gabas da yamma. Na farko ɗan gani-kashe-nin Charlie Francis ne, a wajensa ko dai ka yi gudu da kashi 95 na saurinka zuwa sama ko ka yi ƙasa da kashi 75, tsakiyar nan ya ce ɓata lokaci ne, ta gajiyar da kai kuma ba ta ƙara maka sauri, kuma in kun yi mai zafi yau sai bayan awa 48. Na biyu kuma Clyde Hart yake bi, kocin Michael Johnson, shi kuma mita 200 ne za ka yi ta maimaitawa a matsakaicin sauri da gajeren hutu, daidai wurin da na farko ya haramta min. Kuma dukansu suna da hujja, Johnson ya yi daƙiƙa 43.18 a mita 400 a 1999 da wannan tsarin. Ni dai a jikina na biyun ya fi karɓa ta don ni mai juriya ne ba mai zabura ba, abokina kuma da muka koma tare lokacinsa baya ya yi. Sai na fara tunanin kowane koci yana son tsarin da ya yi masa aiki a nasa jikin ne kawai.

Kocin Ƙwallo:
Tsaya ɗan uwa, Charlie Francis ba shi ne kocin Ben Johnson ba? Wanda ya yi daƙiƙa 9.79 a mita 100 a Olamfik na Seoul 1988 aka kama shi da ƙwaya aka ƙwace zinaren? Shi kansa kocin ya amsa a gaban kwamitin bincike a Kanada a 1989 cewa yana sane. Ni fa ban ga yadda za a ɗauki ilimi a hannun irin wannan ba.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Shi ne. Kuma a ɓangarenmu ma akwai irinsa, Ivan Abadjiev na Bulgeriya, wanda yaransa ke ɗaga kusan iyakar ƙarfinsu sau da yawa a rana kusan kullum, har yau samari na cewa suna bin tsarin Bulgeriya. A Seoul ɗin dai aka kama biyu daga masu zinarensu har ƙasar ta janye sauran tawagar. Abin da nake gaya wa samari shi ne in ka ɗauko jadawalin wanda jikinsa ke farfaɗowa da taimakon ƙwaya ka ɗora wa yaron da barci kawai yake da shi, karya shi za ka yi. Amma ban yarda a zubar da komai ba. Maganar Francis ta raba rana mai zafi da rana mai sauƙi gaskiya ce, Bowerman ma da ba ruwansa da wannan harka tun kafin shi yake cewa rana mai wuya sai rana mai sauƙi ta biyo. Yawan aikin ne abin tuhuma.

Kocin Ƙwallo:
Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, don ubangida ba jadawali kaɗai yake ba ka ba, har da abin da kake ganin ya halatta ka yi don ka ci. Yaro yana kallon yadda kake yi in aka doke ku, yana kallon ko za ka sa mai rauni a wasa don kofi. Wannan yana shiga jiki fiye da duk wani lissafi.

Amma bari in dawo kan tambayar Koci. Mu a ƙwallo abin da ya daɗe yana wahalar da mu shi ne mun gaji tsarin 'yan tsere. A kwas aka koya mana rabon zango na Matveyev, malamin Sobiyet na shekarun 1960, ka fara da aiki mai yawa marar zafi, ka dinga rage yawa kana ƙara zafi har ɗan wasa ya kai ƙololuwa ranar gasa. Ga wanda ke jiran babbar gasa ɗaya a shekara daidai ne, ba a fafe gora ranar tafiya. To mu da muke da wasa duk sati wata tara, wace ranar ce ƙololuwar? Ubangidana kafin a fara kaka sati biyu ba ma ganin ƙwallo, zagaye fili kawai. Ni ma haka na yi shekara biyar. Sai da na fara bin abin da Vitor Frade na jami'ar Porto ya koyar, wanda Mourinho ya shahara da shi, cewa kar ka raba ƙarfin jiki da dabarar wasa, duk gudun da ɗan wasa zai yi ya yi shi da ƙwallo cikin yanayin da zai tarar a wasa. Shi Mourinho ɗin ma ai tafinta ya fara yi wa Bobby Robson, yana gefe yana kallo har Barcelona, sannan ya zauna ƙarƙashin Van Gaal. Ranar da na gaya wa ubangidana na daina zagaye fili sai da ya yi wata guda ba ya ɗaga wayata.

Baba Mai Agogo:
Ka koma ka gaishe shi dai ko bai ɗaga ba.

Kocin Ƙwallo:
Na je Baba, mun shirya. Har ya zo ya kalli atisayenmu sau ɗaya, bai ce komai ba sai da zai tafi ya ce min ɗan bayan can na hagu ba shi da numfashi. Kuma gaskiyarsa ne, a ƙaramin fili yaron yana ɓuya a bayan wasu. Dole na dawo masa da gudu na daban.

Ɗalibar Kimiyyar Wasanni:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki ko da ni ce ƙarama a nan. Abin da ya ba ni mamaki da muka karanta tarihin wannan fanni shi ne su ma ra'ayoyin da ke cikin littafi gado ne kamar na ubangida. Kusan duk littafin horarwa zai fara da Hans Selye, cewa jiki in ya gamu da wahala yana firgita, sannan ya saba ya ƙara ƙarfi, in wahalar ta yi yawa kuma ya durƙushe. To shi Selye a 1936 a kan ɓeraye ya yi aikinsa a ɗakin gwaji, ba 'yan wasa ba, masu horarwa ne suka aro. Kuma Verkhoshansky da Yaya ya ambata da kansa ya soki tsarin Matveyev daga baya, ga su 'yan ƙasa ɗaya. Yanzu akwai masu bincike da ke cewa jadawali ɗaya ka ba mutum goma ka ga sakamako goma, don barci da damuwa da abin da ɗan wasa ya yarda da shi duk suna shiga lissafi. Ba ina cewa a jefar da littafi ba ne, amma in an ce mana kimiyya ta ce, yana da kyau mu tambaya a kan su wa aka gwada.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Madalla da ke ƙanwata. Sai dai ki kula, wannan maganar taki ita ce kocin nan nawa zai ɗauka ya ce kin gani ko, su ma masu binciken ba su da tabbas. Akwai abin da ake ta gardama a kai akwai kuma wanda ya tabbata.

Ɗalibar Kimiyyar Wasanni:
Haka ne Anti, na karɓi gyara.

Baba Mai Agogo:
Bari in ba ku labarin nawa malamin, Allah ya jiƙansa. Bai yi boko mai zurfi ba. In muka gama zagaye ɗaya ba ya kallon agogo ya ce minti kaza, sai ya kira ka ya ɗora yatsu biyu a wuyanka nan ƙasan muƙamuƙi, yana kallon agogo daƙiƙa goma yana motsa baki. In ya ƙirga 20 ya buga maka kafaɗa ka tafi, in ya haura ya ce taka ka dawo. In ya auna ka sau biyu bai sauko ba to ka gama na yau ko da sau huɗu ka yi, kuma ba roƙon da za ka yi. Na fi shekara 20 ina yin haka da nawa yaran kafin wani ya nuna min a littafi cewa 20 sau shida ai 120 ne, kuma wannan lissafin Woldemar Gerschler ne da likitan zuciya Herbert Reindell a Jamus, bugun zuciya ya hau wajen 180 a jira ya sauko 120 kafin a sake, in ya wuce minti ɗaya da rabi bai sauko ba aikin ya yi yawa. Gerschler ɗin shi ya horar da Rudolf Harbig da ya yi 1:46.6 a mita 800 tun 1939. Malamina bai taɓa jin sunansa ba na tabbata, wani ne ya koya wa wani har ta iso yatsunsa.

Abin da ya fi wannan kuma, tun daga ƙofar fili yake karanta mu. Yadda ka ajiye jaka, yadda ka sunkuya ɗaure takalmi. Wani lokaci sai ya juya wa fili baya yana sauraron takun ƙafa kawai, ya ce wane yau ƙafarka ta dama nauyi take, me ya same ka. Wannan ba ya cikin littafin da na rubuta, kuma shi ne abin da na fi wahala kafin in iya. Colm O'Connell ma da ya je Iten a Kenya a 1976 daga Ailan, labarin ƙasa ya je koyarwa bai san komai a harkar gudu ba, kallon yaran ya yi ta yi yana koyo a wajensu, shi ne ya rene David Rudisha har ya yi 1:40.91 a mita 800 a Olamfik na Landan 2012.

Ɗan Tsere 400:
Baba wannan na sauraron taku ya shige ni. Kocina na biyu abin da ya fi nanata min a mita 100 na ƙarshe shi ne saki muƙamuƙi saki hannu, kar ka yi faɗa da gudun. Ya ce daga Bud Winter na San Jose ta fito, wanda ya koya wa matuƙa jirgin yaƙi sakin jiki lokacin yaƙin duniya na biyu kafin ya kawo wa 'yan tsere irin su Tommie Smith da Lee Evans, kuma ɗalibinsa Dennis Johnson ya koma da ita Jamaika. Ranar da na fara iya sakin fuska a kwanar ƙarshe ji na yi kamar an sauke min kaya daga kafaɗa.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Amma Baba tambaya, wanda bai samu irin malaminka ba fa? Yawancinmu waya ce malamarmu. Yanzu ma kowa maganar tsarin 'yan Nowe yake, na 'yan gudun nan su Ingebrigtsen, atisaye biyu a rana ɗaya, alhali su suna huda yatsa ko kunne suna auna jini a tsakiyar atisaye don kar su wuce iyaka, mu kuma sai a kwafi lambobin kawai.

Baba Mai Agogo:
Ka nemi wanda ya girme ka a aikin ko ba shahararre ba ne, ka riƙe masa agogo wata shida kana yin shiru. In an tashi ka tambaye shi me ya gani da ya tsayar da wane. Sannan ka rubuta abin da kake yi da abin da ya biyo baya, har da wanda ya ji ciwo da wanda ya daina zuwa, kamar yadda Anti ta ce. Kai kuma Koci, ubangidan naka yana raye?

Kocin Gudu:
Yana nan Baba, ya tsufa dai.

Baba Mai Agogo:
To me kake jira, kira shi ka tambaye shi goman nan.

Kocin Gudu:
'Yan uwa na dawo. Na kira shi mun fi minti 40 a waya. Da na ce masa Malam me ya sa mita 400 sau goma sai ya ce wa ya ce maka goma? Na ce ga shi a littafina kowace Litinin. Ya ce kai ne kake yin goma. Wai shi bai taɓa yanke lamba ba, yana riƙe da lokacin zagayen farko na kowa a kansa, duk wanda ya ga lokacinsa ya faɗi da daƙiƙa biyu zuwa uku ko kafaɗarsa ta fara hawa sama sai ya ce masa je ka taka. Ya kira min sunayen abokan gudunmu, ya ce wane shida yake yi, wane bai taɓa wuce bakwai ba kuma ya fi ka gudu a gasa, kai ne mai taurin numfashi shi ya sa nake barinka. Wallahi ina jin haka na tuna, lallai akwai waɗanda suke zaune a gefe suna cire takalmi ina ci gaba da zagaye, ni a lokacin na ɗauka ragwanci ne. Shekara 11 ina tilasta wa kowane yaro lambar da aka yanka wa jikina ni kaɗai, kuma akwai yara biyu da suka bar ni da yanzu nake ta tunaninsu.

Ya ce in zo in ɗauke shi ranar Litinin ya zauna a gefen fili. Baba in na ɗora yatsu a wuya, daga bugun farko zan fara ƙirga ɗaya ko sifili?

Baba Mai Agogo:
In ka danna agogo daidai kan bugu to wannan sifili ne, na gaba shi ne ɗaya. Kar ka danna wuyan da ƙarfi, kuma gefe ɗaya kawai. Ka gaishe min da Malam.